Shekara Ɗari A Sabo, Har Yau Ba Mu San Ƙofar Ofishin Hedimasta Ba



Maganar da zan yi yau na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, to amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Magana ce a kan makarantun gwamnati da ke cikin ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, wato ƙaramar hukumar da unguwarmu ta Sabo take ciki, tare da Mokola da Sango da Bodija da Agbowo. A waɗannan makarantu ne ɗan mai shayi da ɗan mai tura baro da ɗan mai faci da ɗan ƙaramin dillali suke zuwa neman boko. Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, sai majalisu su ɗauka: boko ya lalace, malamai ba sa koyarwa, Yarabawa sun danne mana yara. A yi kwana biyu ana tsaki ana girgiza kai, daga nan a koma hirar farashin dala, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu. Ni dai abin da nake cewa, kuma zan tsaya a kansa ko a gaban waye, shi ne: makarantun nan suna da ciwo, babu musu, amma ciwon da ya fi kayar da 'ya'yanmu a cikinsu daga gidajenmu yake fitowa. Mun ɗauki kanmu baƙi a garin da aka haifi kakannin wasunmu, baƙo kuwa ba ya leƙa tukunyar masu gida, abin da aka zuba masa shi yake ci.

Bari in fara da 'yar jarrabawa ga iyaye maza, tunda mu ne masu yawan surutu a majalisa. Malam, yara nawa ne a ajin ɗanka? Yaya sunan malamin ajin? Na nawa ya zo a zangon da ya wuce, kuma maki nawa ya ci a lissafi da Turanci? A sakandaren da 'yarka take, ɗalibai nawa suka zauna jarrabawar WAEC bara, kuma nawa daga cikinsu suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi? Riƙe amsarka a zuci, ba sai ka faɗa ba. Amma wannan mutumin da ya yi shiru, ko tsakar dare ka tashe shi zai gaya maka nawa aka sayar da dala da safe, nawa ta koma da la'asar, nawa kwandon tumatir yake a Sasa, nawa bijimi ya kai a kara. Ba zai taɓa ba yaron shagonsa jari ya ƙi zaunar da shi a yi lissafi a ƙarshen wata ba. Sai ga shi ya miƙa wa makaranta ɗan cikinsa shekara shida, shekara tara, har goma sha biyu, bai taɓa cewa a ɗauko littafi a duba riba aka ci ko faɗuwa ba. Haba jama'a! Wace irin sana'a ce za ta ɗore a haka?

Mu ɗan waiwaya baya, don kada wani ya ce jiya muka zo. Tun a 1916 Turawan mulki suka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi sukutum a kanmu wanda ya fito a 1969, inda ya bayyana yadda kakanninmu suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kurmi ta hanyar masu gida da dillalai da bashi na amana. A daidai lokacin da su suke wannan harka, maƙwabtanmu wata harkar suka sa gaba. An buɗe Jami'ar Ibadan a 1948. A watan Janairun 1955 gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma, inda yawan 'yan firamare ya tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa sama da 800,000 a shekara ɗaya tak. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, gwamnatin Bola Ige ta sake ɗaga tutar ilimi kyauta a tsohuwar Jihar Oyo. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, wannan gaskiya ne. Amma a cikin garin nan aka yi duk wannan, muna zaune muna kallo, kuma jami'ar da ta girmi kowace jami'a a Nijeriya tana cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Sabo. Kuɗin mota kaɗan ne tsakaninmu da ƙofarta. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki suna karatu, nawa ne kuma a bakin ƙofa suna sayar da rake da tsire?

Kakanni suna da uzuri. A zamaninsu ciniki bai buƙatar takarda, kalmar maigida ta isa a saki garken shanu bashi, kuma suna da dalilinsu na tsoron makarantun mishan. Mu ba mu da wannan uzuri ko kaɗan, don sana'o'in da muke taƙama da su sun fara neman takarda da ƙarfin tsiya. Ku dubi canji, wanda aka san Sabo da shi. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya, bayan 'yan watanni kuma ya ce mai son babban lasisi sai ya ajiye jarin Naira biliyan 2, ƙarami kuwa Naira miliyan 500, ga rahotanni da za a riƙa aikawa ta kwamfuta. Ku dubi acaɓa, inda yaranmu suke tururuwa in sun bar aji: a nan kusa da mu, a Ikko, gwamnati ta hana shi ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida tun watan Yunin 2022, daga baya ta ƙara wasu. Yaron da ya fita daga sakandare bai iya karanta takardar banki ba, bai iya cike fom ba, gobe shi zai zama ɗan aiken wanda ya iya, ko da kuwa a kan dukiyar ubansa ne.

To, kada a ce na wanke gwamnati. Ba zan wanke ta ba, don ita ma hannunta dumu-dumu yake. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a cikin yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin kashi 27 cikin 100 ne kawai suka iya karatu na matakin farko, kimanin kashi 25 kuma suka iya lissafi na matakin farko. Wannan abin kunya ne na ƙasa baki ɗaya. A 2025 hukumar WAEC ta fito ta ce kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen maki, ta mayar da shi 62.96. A nan Jihar Oyo ba mu manta da watan Yunin 2016 ba, lokacin da aka rufe makarantun gwamnati bayan zanga-zangar ɗalibai kan shirin shigo da masu zaman kansu cikin tafiyar da wasu sakandare, ma'aikata kuma suka tafi yajin aiki na makonni saboda bashin albashi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, kowa kuma ya leƙa aji a tsakiyar garin nan ya san a takarda wannan lissafin ya tsaya. Kuma lokacin da Bankin Duniya ya ware Dala miliyan 611 a 2017 don mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta aji, jihohi 17 aka zaɓa, Oyo ce kaɗai daga ƙasar Yarabawa. Duk wanda ya ratsa Sabo ko Ojoo ko Sasa da hantsi a ranar makaranta, ya ga yaran da ke yawo, ya san mun ba da gudummawarmu wajen shigar da jihar cikin wannan jeri.

Amma ga tambayar da majalisa ba ta son ji. Ajin nan mai cunkoso, malamin nan da ake cewa ba ya koyarwa, rufin nan da ke yoyo, ai ba 'ya'yanmu kaɗai suka shafa ba. A kan benci ɗaya ɗanka yake zaune da ɗan Bayarabiya mai sayar da tattasai, wadda ko rabin abin da kake samu a rana ba ta samu. Me ya sa nata yake wucewa gaba, naka yana maimaita aji ko ya zame ya daina zuwa? Ƙwaƙwalwa ce ta bambanta? Ko kusa! Yaron da ya haddace izu goma kafin ya shekara goma sha biyu, ba wanda ya isa ya ce masa daƙiƙi. Ruwa ba ya tsami banza, ga kuma abubuwan da suka tsamar da namu.

Na farko shi ne fashi. Zangon karatu mako 12 ne zuwa 13, wato kwana sittin da 'yan kai na zuwa aji. Mu kuwa da an ce Sallah ta matso, ko an sa ranar bikin ƙanwar uwar gida a Katsina, ko an yi rasuwa a Gusau, sai a kwashi yara duka a cika mota a nufi gida. Tafiyar da aka ce ta mako ɗaya ce sai ta zama ta wata ɗaya da rabi, don ai ba a zuwa gida a yi gaggawar dawowa, ga kuɗin mota ya yi tsada sai an more shi. Mako shida rabin zango ne cur. A cikin wannan rabin zangon aka koyar da raba lamba, aka wuce. Lissafi kuwa gini ne, in an tsallake bulo ɗaya a ƙasa, duk abin da aka ɗora a sama a karkace zai tafi. Ƙara da ranar da kaya suka sauka aka ce yaro ya tsaya ya taya tsaron shago, ƙara da Juma'ar da ba a zuwa gaba ɗaya, ƙara da yarinyar da sai ta gama tallan safe za ta sa yunifom. Sannan a ƙarshen shekara uban ya riƙe katin sakamako yana cewa malamai sun tsani Hausawa.

Na biyu shi ne harshe, kuma a nan ina tausaya wa yaranmu ƙwarai. Yaro ya tashi da Hausa a gida, ya shiga aji ɗaya ya tarar littafi da Turanci, malama kuma in za ta yi bayani don yara su gane sai ta juya Yarabanci. Na san yaran Sabo da yawa suna tsintar Yarabanci a titi, amma Yarabancin cinikin rake daban, na fahimtar darasi daban, ballantana 'ya'yan sababbin zuwa waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Arewa. Masana sun daɗe da sanin amfanin fara karatu da harshen uwa. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada shi a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci kuma suka yi fice. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa ko na yankin har ƙarshen firamare, a watan Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da cewa an janye, an koma Turanci. Ko wannan ko wancan, Hausa ba ta cikin ajin Badun. To wa zai cike wannan giɓi in ba mu ba? A shekara ɗari da 'yan kai, da mun tura 'ya'yanmu ko goma-goma sun yi NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, da yau muna da bakin cewa a ba mu malamai masu jin Hausa a ƙananan azuzuwa. Ga kuma ɗabi'ar ajiye yaro a gida sai ya shekara tara ko goma sannan a kai shi aji ɗaya, ya zauna cikin 'yan shekara shida yana jin kunya, kafin a kai aji huɗu ya ce shi ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu muka yi karin maganar, mu kuma muka fi kowa saɓa mata.

Na uku, a daina jingina laifin ga addini, don addinin bai ce haka ba. Ana ta cewa boko yana cin lokacin allo da Islamiyya. Makarantar gwamnati ana tashi da azahar, ga yamma, ga bayan magariba, ga Asabar da Lahadi. Maƙwabtanmu Yarabawa Musulmi ne da yawansu, kuma sun daɗe da warware wannan matsala. Tun a 1923 suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a Ikko, babban dalilinta kuwa shi ne 'ya'yan Musulmi su yi boko ba tare da an canja musu addini ba, suka giggina makarantu da kuɗin aljihunsu. Shi ya sa yau za ka ga Bayarabe likita ne a asibitin koyarwa na UCH, kuma shi ne ke jan sallah a unguwarsu. Mu da muke ganin mun fi su riƙo, ina tamu ƙungiyar? Ina makarantar da attajiran Sabo suka haɗa kuɗi suka gina, wadda za a nuna a ce ga sakamakonta? Haka maganar 'ya'ya mata. Yarinya tana cikin na ɗaya zuwa na biyar a ajinsu, tana shiga ƙaramar sakandare sai a cire ta. Bayan shekara biyu mijinta ya kai ta asibiti yana faɗa wai ba ya son namiji ya duba masa mata, kuma babu ma'aikaciyar jinya ko ɗaya mai jin Hausa. Daga sama za ta faɗo?

Na huɗu, kuma shi ne uwa uba, ba ma zuwa inda ake yanke shawara. Kowace makaranta tana da taron iyaye da malamai. Firamare suna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, inda ake ba iyaye da shugabannin unguwa da mata kujera. A nan ake maganar malamin da ba ya zuwa, da ajin da ba benci, da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Ranar taro za ka ga mata 'yan kasuwa sun rufe rumfa sun zo sun cika aji, suna ɗaga murya suna tuhumar hedimasta. Namu iyayen fa? Uba yana kasuwa, uwa ba ta fita, sai a aiki yayan yaron ɗan shekara goma sha biyar ya tsaya a bayan taga. In ka tambaya a ce ai da Yarabanci ake taron. Yarabancin da kake ciniki da shi tun asuba, kake faɗa da kwandasta da shi, shi ne ya gagare ka ranar da ake maganar ɗanka? Malami mutum ne kamar kowa. Yaron da ya san ubansa zai zo ya tambaya, shi yake fara duba wa littafi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na san amsoshin da za a ba ni, don ba yau na fara jin su ba. Za a ce: me amfanin karatun, tunda ko yaro ya gama ba za a ba shi aikin jiha ko tallafin karatu ba sai da takardar ɗan asali? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma zalunci ne a ce wanda aka haifi ubansa a Sabo sai ya je wata ƙaramar hukuma a Kano ko Sakkwato, inda ba wanda ya san fuskarsa, ya roƙi takarda. Amma ku dubi ɗaya gefen. Jami'o'in tarayya suna raba guraben shiga kashi uku: 45 cikin 100 don cancanta, 35 don yankin da jami'ar take, 20 don jihohin da aka bari baya a ilimi, kuma jihohin da yawancinmu muke rubutawa a matsayin na asali suna cikin wannan kashi na uku. Haka makarantun sakandare na haɗin kai na tarayya, makin da ake nema daga ɗan Zamfara ko Yobe ko Sakkwato bai kai wanda ake nema daga ɗan Oyo ba. Ashe ɗan Sabo yana da ƙofa biyu: ya yi karatu a garin boko, ya nemi gurbi da sunan jihar da ake rangwanta wa. Ƙofar tana buɗe, masu kiredit biyar ɗin ne ba mu kawo ba.

Za a kuma ce: zaman nan ba tabbas, gobe ana iya tashin hankali a kore mu. Ba mu manta da Shagamu a 1999 ba, ba mu manta da kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Amma wannan hujja ai a kanku take. Ranar da aka ƙona rumfa, buhunan albasa da kuɗin cikin akwati ne suka tafi. Abin da ke cikin kan yaro ba ya ƙonewa, da shi zai hau mota duk inda za shi. Mai tsoron kora shi ya fi kowa buƙatar dukiyar da ba a ƙwacewa. Wasu kuma za su ce su sun huta, sun kai nasu makarantar kuɗi. Madalla, in ta kirki ce. Amma da yawa daga ƙananan makarantun kuɗin nan na lungu, ɗaki uku da allo, malaminsu bai fi ɗalibin da komai ba, sai dai a ƙarshe a biya kuɗi a rubuta wa yaro amsa a ɗakin jarrabawa, ya fito da kiredit tara, ya je JAMB gaban kwamfuta ya kasa. Sannan ko naka ya tsira, 'ya'yan maƙwabtanka da ba su tsira ba da su zai zauna a unguwa ɗaya.

Kuma makarantun gwamnatin nan ba sadaka ake ba mu ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro ɗan Nijeriya, ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don wannan aiki. Har hukunci ta tanadar wa uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. A ranar da aka rantsar da Gwamna Seyi Makinde, 29 ga Mayun 2019, ya soke Naira 3,000 da ake karɓa daga ɗaliban sakandare a shekara. Kuɗin tikitin kasuwa da na shago da muke biya kullum, da harajin da ke cikin duk abin da muka saya, da su ake biyan malaman nan. Mai biyan kuɗi yana da bakin tambaya. Sai dai ɗan siyasa ƙuri'a yake ji, mu kuwa da yawanmu katin zaɓenmu na can gida, ranar zaɓe mu cika mota mu tafi mu zaɓi kansilan da ba zai taɓa ganin makarantar 'ya'yanmu ba, mu bar na nan ba ya jin tsoronmu ba ya jin kunyarmu.

Don kada a ce na yi faɗa na tashi ba shawara, ga abin da nake kira a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ke buƙatar izinin Abuja. Na ɗaya, fadar Sarkin Hausawa ta kafa kwamitin ilimi na mutum bakwai ko tara, da mata a ciki, su bi gida-gida su rubuta kowane yaro ɗan shekara 6 zuwa 15: wace makaranta yake, aji nawa, ko ba ya zuwa. Na biyu, kwamitin ya je kowace makarantar da 'ya'yanmu suke, cikin ladabi, ya nemi sakamakon shekara uku da suka wuce, na jarrabawar ƙaramar sakandare da na WAEC da NECO. Takardun suna ofishin firinsifal. In an hana, a rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB da ma'aikatar ilimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A liƙa sakamakon a ƙofar masallaci kowa ya gani, makarantar da ta yi ƙoƙari a je a gode mata da goma ta arziki, wadda ta gaza a je a ji dalili. Na uku, a tabbatar muna da mutum a kwamitin kowace makaranta, mai zuwa taro, ba mai suna a takarda ba. Na huɗu, limamai su riƙa sanar da ranar komawa makaranta da ranar taron iyaye bayan sallar Juma'a, kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure. Na biyar, ƙungiyoyin 'yan canji da 'yan goro da mahauta da 'yan gwari su ɗauki nauyin lesin na yamma, Turanci da lissafi, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, da malamai masu jin Hausa, su kuma biya wa yara goma kuɗin NCE duk shekara bisa sharaɗin su dawo su koyar a unguwa. Abin da ake liƙi da shi a biki ɗaya na babban gida ya isa ya biya malaman lesin na wata da watanni. Na shida, tafiya gida da yara sai lokacin hutu, in ban da lalura ta gaske.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ne masu ɗakin nan, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. A nan muke kwana, a nan muke binne mamatanmu, a nan yaran nan za su nemi abinci bayan ba mu. Wanda yake ganin na yi ƙarya ko na yi zafi, ya fara zuwa makarantar ɗansa ranar Litinin ya amso amsar tambayoyin nan da na yi a sama, sannan ya zo mu yi muhawara, ina nan ina jira.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.